Kwan toci da batir ko alƙalamin TDS?

Malama, don nuna wa ɗalibai yadda gishiri ke ɗaukar wutar lantarki, ki haɗa gwajin kwan toci da batir kawai, ki bar alƙalamin TDS, wato 'yar na'urar da ake tsomawa a ruwa ta auna yawan abin da ya narke a ciki, a shago.

Nawa da hannuna na haɗa shi: batir huɗu masu bolt 1.5 a jere, ƙaramin kwan toci, waya, sai sandunan kabon biyu da na zaro daga cikin matattun batura. A ajin SS2 a nan Argungu na zuba busasshen gishiri a kofi na soka sandunan, kwan bai kama ba. Wata yarinya daga baya ta ce ai wayar ce ta tsinke. Na miƙa mata buta na ce ta zuba ruwa da kanta. Tana zubawa tana motsawa, kwan ya fara ja har ya haska, aji ya kaure da sowa. Da muka sa sukari, ya narke tas, kwan ko alama.

Daga nan bayanin ya zo da sauƙi. Gishiri ayon ne, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, iri biyu, na sodiyam da na kuloraid, masu caji kishiyar juna. A busasshensa suna nan, amma kowane a ɗaure yake a gurbinsa, ba mai gusawa, don haka wuta ba ta da abin hawa. Ruwa ne ke raba su su shiga yawo, su kai cajin daga wannan sanda zuwa waccan. Sukari kuwa ko ya narke ba ya rabuwa zuwa ayon. Ki gwada kanwa da alif ma, yara sun san su tun daga gida.

Hali na uku, wato narkewa da zafi ba tare da ruwa ba, shi ma yana sakin ayon ɗin, wuta ta bi. Sai dai gishirin miya sai ya kai digiri 801 yake narkewa. Littattafai na amfani da sinadarin led buromaid mai narkewa a wajen digiri 373, amma hayaƙinsa guba ne, kada ki yi shi a aji mai rufe.

Alƙalamin TDS ina da shi, yana cikin aljihun tebur. Lamba kawai yake bayarwa, a ruwa kaɗai yake aiki, kuma yaron da ke bencin baya ba zai ga komai ba.

Ki kula da masu tallar matatar ruwa da ke yawo da wata na'ura mai sandunan ƙarfe. Suna tsoma ta a ruwan rijiyarki ya koma ja mai dauɗa, su ce guba ce kike sha. Ƙarfen sandarsu ne ke cinyewa yana zuba a ciki, saboda ruwan na da ɗan gishirin ƙasa da wuta ke bi. 

Kuma ko da wasa kada wani ya ce ki jona gwajin da wutar NEPA mai bolt 230, batir ya wadatar.