Kwas ɗin mozayik a Ravenna: ido ya fi hannu ƙaruwa

Sana'ata sa tayil ce, a kusa da birnin Bologna na ƙasar Italiya nake aiki, kuma na daɗe ina ganin mozayik a matsayin ƙanin sana'armu: a farfasa dutse da gilashi, a jera su, hoto ya fito. Da wannan tunanin na biya kuɗin gajeren kwas a wani ƙaramin shago a Ravenna, garin da ke tinƙaho da gine-gine 8 da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1996. Kuɗina bai faɗi ƙasa banza ba, sai dai abin da na ƙera da hannuna ba shi ne ribar ba.

Kayan aikin ba yawa. Guduma mai baki biyu, da wani ƙarfe mai kaifi da aka kafa a kututture. Ka ɗora dutsen a kai, ka sara. Gilashin launi daga Venice yake zuwa, haske ba ya ratsa shi, na zinariya kuwa siririn ganyen zinariya ne aka rufe tsakanin gilashi biyu. Ana dasa gutsattsarin a kan danyar farar ƙasa, in an gama a manna ƙyalle a fuskar aikin, a ɗaga shi a mayar kan siminti. Malamar ta iya koyarwa, tana da haƙuri, amma ba ta yarda ka lallaɓa aikin ya kwanta sumul. Ni da na saba a yaba mini in ƙasa ta yi lebur, sai ga ta tana karkata kowane gutsure da yatsa, wannan ya kalli sama, wancan ya ɗan sunkuya, don kowanne ya kama haske ta fuskarsa.

Ranar da ta kai mu gidan adana kayan fasaha na garin, MAR, ita ce ta biya kuɗin kwas ɗin gaba ɗaya. Tarin mozayik na zamani da ke can ya samo asali daga baje kolin 1959, lokacin da aka nemi manyan masu zane irin su Chagall da Guttuso da Vedova su kawo zane, masu jera dutse na Ravenna su fitar da shi. Shuɗin zakaran Chagall yana nan, yana da kyau ƙwarai. Amma a ganina waɗannan ayyukan har yanzu a inuwar fenti suke, tunanin na mai buroshi ne, dutse aka sa ya bi. Wanda ya tsayar da ni shi ne aikin CaCO3, wasu mutum uku da suka haɗu a garin a 2006. Tsinken farin dutse zalla suke dasawa, ba hoton komai, ba launi. Ka tsaya daga hagu ka ga kamar iska ta kwantar da gonar gero, ka matsa dama inuwar ta juya, aikin ya zama wani daban. Hoton waya ba ya ɗaukar wannan, fenti ma ba zai yi shi ba. A nan na yarda cewa mozayik fasaha ce mai cin gashin kanta, ba ƙawata bango kawai ba.

Ga ɗan'uwa mai ƙyamar zanen abu mai rai, da yawan aikin zamani ba mutum ba dabba, kuma mozayik ɗin da ke Ƙubbatus Sakhra a Ƙudus da Masallacin Umayyawa na Dimashƙa ma ganye ne da bishiyoyi da gine-gine.

Ƙorafina kan shagon shi ne, bayan an nuna maka duk wannan, sai a dawo da kai tebur a miƙa maka hoton tsohuwar kurciya ko fure ka kwaikwaya. Na nemi in gwada nawa zanen, aka ce sai a mataki na gaba, wanda kuɗinsa daban. Na fahimci dalili, hannu a kwaikwayo yake faɗawa, amma a garin da aka ƙera shimfiɗar kabarin shahararren ɗan rawa Rudolf Nureyev da ke Faransa, wadda ke lanƙwasa kamar dardumar gaske alhali duk gilashi ce, ya kamata ɗalibi ya ɗan taɓa sabon abu ko na wuni guda. Gilashin zinariya ma ba ya cikin kuɗin kwas, ba a kuma faɗa mini ba sai da na miƙa hannu. Bayani rabinsa da Italiyanci ne. Ni bai dame ni ba, amma wata Bajamushiya da muke tare ta sha wuya.

Mai son zuwa ya fara da cocin San Vitale, wanda aka keɓe don ibada a shekara ta 547, ya ga tsohon aikin kafin ya shiga MAR, don banbancin ya fi fitowa a haka. Ya kuma zaɓi ƙaramin allo. Siminti da dutse nauyi gare su, kuma shagon ba ya aika wa kowa kaya, da hannunka za ka ɗauka zuwa tashar jirgin ƙasa.