Wasiƙa ga Yaya kan dillalan gidaje a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ka tambaye ni yadda abokan sana'arka suke yi a nan, na ce maka sai na zauna, domin maganar ta fi ƙarfin saƙon murya. To mun tare, ko kwalayen ba mu gama kwancewa ba, ga abin da na gani a wata biyun da na yi ina bin dillalan Manchester.

Dillali a nan galibi kamfani ne mai ofis da ma'aikata. Kusan duk gidan haya ko na sayarwa za ka same shi a shafukan intanet na tallar gidaje, Rightmove ko Zoopla. Rightmove tun 2000 yake aiki, kuma mai gida ba ya iya sa gidansa a kai da kansa, sai ta hannun dillali, shi kuma dillalin kuɗi yake zubawa duk wata. Ni ma can na fara. Za a gaya maka yawan ɗakuna, kuɗin wata, rukunin harajin kansul, wato na ƙaramar hukuma, da wata takarda mai maki daga A zuwa G da ke nuna yadda gidan yake riƙe ɗumi. Duk wannan bayanin gida ne. Amma ko layin yana da hayaniya da dare, ko akwai wurin ajiye mota, ko yaro zai iya takawa zuwa makaranta shi kaɗai, babu mai gaya maka.

'Yarka ce ta fitar da ni. Ta ga na kwana uku ina fama da kwamfuta, sai ta karɓi wayata, ta buɗe TikTok, ta rubuta sunan unguwar Levenshulme da kalmar haya a wurin bincike. Na ce mata ba rawa na zo kallo ba. Bidiyon farko da ya fito, wata dillaliya ce ta fito daga tashar jirgin ƙasa riƙe da waya, tana tafiya tana ƙirga minti har ƙofar gidan. Ta nuna inda bas 192 ke tsayawa a kan titin Stockport, ta shiga ciki, ta buɗe famfon banɗaki don a ga ƙarfin ruwa, ta ɗaga tagar ɗakin kwana ta yi shiru aka ji ƙarar titi. Duka bai kai minti biyu ba. Abin da na kwana uku ina nema ke nan.

Ashe ba 'yarka kaɗai ba ce. Tun a 2022 wani babban jami'in Google, Prabhakar Raghavan, ya faɗa a bainar jama'a cewa kusan kashi 40 cikin 100 na matasa idan suna neman wurin cin abincin rana, TikTok ko Instagram suke buɗewa maimakon Google. Matasan Amurka yake nufi, maganar abinci kuma yake yi, amma wanda ya saba neman abinci a can, ranar da ya tashi kama ɗaki ma can zai nufa. Tunanin dai tsoho ne. Facebook ya taɓa gwada irinsa a 2013, inda za ka nemi abin da abokanka suka so ko wuraren da suka je, bai yi ƙarko ba, aka naɗe shi a 2019. Yanzu ne abin ya kama ƙasa. A watan Yulin 2025 ma Instagram ya buɗe wa Google ƙofa, abin da 'yan kasuwa suka wallafa a fili yana iya fitowa a binciken Google ɗin kansa.

Inda nake so ka lura, Yaya, shi ne yadda wannan ya sauya abin da dillalan ke sakawa. Na bi shafukan wasunsu baya-baya har shekarun da suka wuce. A da duk nuna kai ne: hoton ma'aikata sanye da kwat, allon da aka rubuta an sayar, kambun da suka ci, gaisuwar sabuwar shekara. Babu wanda zai taɓa rubuta irin wannan a wurin bincike. Yanzu kuwa da an kunna bidiyo, kafin komai sunan unguwa ake faɗa da baki, a rubuta shi a kan hoton, a sake rubuta shi a ƙasa tare da lambar yanki, kamar M19, da yawan ɗakuna da kuɗi. Dalili kuwa manhajar tana karanta rubutun, tana kuma jin abin da aka furta, da su take gane wa ya kamata ta kai wa bidiyon. Wani saurayi da ya zagaya da mu wani gida ya ce min shi yanzu tambayoyin da masu neman haya suka fi yi masa a waya yake rubutawa a littafi, kowace tambaya ya yi mata bidiyo guda. Yadda ake samun mai tsaya wa baƙo, me ake cirewa a kuɗin ajiya da ɗan haya ke bayarwa saboda ɓarna, wa ke biyan gyaran tukunyar ɗumama gida. Wanda ya zo neman amsa ya samu, gobe idan ya tashi kama gida ya san fuskar da zai nema.

Yawan mabiya ma ya rage daraja. Dillaliyar can da na ba ka labari mabiyanta ba su da yawa, amma ita ta fito a sama, ta bar manyan kamfanoni a ƙasa, don kawai ita ce ta yi magana a kan unguwar da muka rubuta.

Sai ɗaya gefen, wanda ya fi tsorata su. Binciken nan ba abin da dillali ya faɗa kaɗai yake fitarwa ba, har da abin da aka faɗa a kansa. Kusan kowace unguwa tana da zaurenta a Facebook. Ka shiga, ka rubuta sunan kamfani, sai ga maganganun tsofaffin 'yan haya tun na shekara uku, huɗu: wannan an yi masa gyara a kwana ɗaya, wancan ya yi sanyin hunturu babu ruwan zafi. Abin da a da sai ka yi sa'ar haɗuwa da wanda ya taɓa zama a gidan, yanzu yana ajiye ba ya gogewa. Shi ya sa za ka ga kamfani ya ware ma'aikaci yana bin ƙorafi ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri. Ba na cewa duk don Allah suke yi.

Kada ka ɗauka komai zinariya ne. Wani gida da muka gani a bidiyo, falo kamar filin ƙwallo, haske ko'ina. Muka ɗauki hutun aiki muka je. Kyan ɗan maciji. Da irin kyamarar nan mai faɗaɗa wuri aka ɗauka, kujera biyu ta cika falon. Tun daga ƙofa warin danshi ya tare mu, ƙanwarka ta ja kabad ɗin ɗakin yara, sai ga bango baƙi ƙirin da fumfuna. Da muka koma gida na sake duba bidiyon, sai na ga an rufe wurin tsokaci. Tun daga ranar, duk bidiyon da na ga an hana mutane magana a ƙarƙashinsa, wucewa nake.

Akwai kuma 'yan damfara, masu satar bidiyon gidan gaske su sa lambarsu, su ce ka tura kafin alƙalami tun ba ka ga gida ba. Ɗaya ya neme ni, wai yana ƙasar waje, makulli zai aiko. Abin da ya cece ni doka ce. Tun 2019 a Ingila an hana dillali karɓar la'ada daga ɗan haya, mai gida ne ke biyansa. Kuɗin riƙe gida ba ya wuce hayar mako ɗaya, kuɗin ajiya kuma a yawancin gidaje ba ya wuce na mako biyar, kuma dole a yi masa rajista da hukumar da aka amince da ita cikin kwana 30. Kowane dillali sai ya yi rajista da ɗaya daga cikin hukumomi biyu masu sauraron ƙorafi, ana iya duba sunansa. Mutumin nan hayar wata biyu ya nema, sunansa kuma babu shi ko'ina. Mai sayen gida ma haka, farashin da aka sayar da gidajen layin tun 1995 yana buɗe a rajistar filaye ta gwamnati, ba a yi masa sayen kifi a ruwa.

Yanzu bari in faɗa maka inda ka fi su, kuma ba zuga ka nake yi ba. Dillalin nan minti goma sha biyar yake ba ka, wani na jira a bayanka. Da yawa ba su taɓa haɗuwa da mai gidan ido da ido ba. Idan takardunka ba su cika ba, ba mai cewa na san shi, ni na tsaya masa. Tun 2016 dole a duba izinin zamanka kafin a ba ka haya, sai a bi tarihin bashinka a kwamfuta, baƙon da bai da tarihi kuwa ya sha wuya. Kai ka san halin mai gida, ka san maƙwabcin da ba a zama da shi lafiya, ka san layin da ruwa ke kwanciya. Waɗannan yaran rabin abin da ka sani ba su sani ba.

Sai dai naka duk a kai yake, sauran kuma a status ɗin WhatsApp, wanda awa 24 ya ɓace, kuma sai mai lambarka ne zai gani. Na duba na jiya, hoton gida ka sa, ka rubuta akwai gida, sai lambar waya. Baƙon da aka yi wa canjin wurin aiki, yana kwance da dare yana rubuta sunan unguwa a waya, ba zai taɓa cin karo da kai ba. Ka buɗe shafi na sana'a a fili, daban da na zumunci. Ka fara da sunan unguwa, ka faɗi kuɗi, kada ka ce sai an kira. Ka nuna aibin gida da bakinka kafin wani ya nuna maka shi a wurin tsokaci. Gidan da mutane ke ciki kuma ka nemi izini, ka kauce wa lambar ƙofa da fuskokin yara, a nan ma suna kiyaye wannan.

Gidan nan da ka ce ya daɗe a hannunka, da shi za ka fara. Ka ɗauka da rana, waya a tsaye, ka taho daga bakin titi. Ka turo min kafin ka saka, 'yarka ta ce ita za ta yi maka rubutun kan hoton, amma wai sai ka biya ta la'ada. A gaida Inna da yara duka.