Igiyar robar da ta dawo mini da kafaɗata

Shekara ashirin da biyu ke nan ina rataya kalangu a kafaɗar hagu. Wanda bai san sana'ar ba yana zaton hannun dama ne ke shan wahala, tunda shi ke riƙe da gula. Alhali aikin yana hagu. Da hammata ake matse tsarkiya a saki, a matse a saki, ita ce ke sa muryar kalangu ta hau ko ta sauka har ya yi magana. Haka mutum zai wuni a tsaye a gidan biki, yana bin masu liƙi da kiɗa.

Bara cikin watan Sha'aban, lokacin da kowa ke rige-rigen aurar da 'yarsa kafin azumi, na yi biki tara a mako uku, tsakanin Kano da Zariya da Funtuwa. Washegarin dawowarmu na kasa ɗaga hannu in sa riga, sai da yarona ya zura mini. Na sha man zafi, na sha tausa, a banza. Daga ƙarshe na je sashen gashin ƙashi a asibiti. Likitar ta sa na jingina da bango, ta dube ni ta ce, "Baba, kafaɗarka ta hagu ta ranƙwafo gaba. Naman ƙirjinka ya yi ƙarfi ya ɗaure, na bayan allon kafaɗa kuma ya yi sanyi, babu mai jan ta baya." Ita ce ta ce in nemi igiyar roba ta motsa jiki, ta kuma nuna mini yadda zan yi da ita.

A kasuwar Sabon Gari na same ta, wajen masu sayar da ƙwallo da rigunan wasa. Guda biyar ne a 'yar jaka: ruwan ɗorawa, ja, kore, shuɗi, baƙi. Ƙarfinsu yana hawa bisa wannan jerin, kamar yadda kamfanin TheraBand mai yin irin wannan igiya ya tsara nasa, sai dai tawa ba ta da sunan kowa a jiki. Kuɗinta bai kai liƙin rabin wuni ba.

Abin da ya fi yi mini amfani motsi biyu ne kawai. Ina ɗaura igiyar a ƙarfen taga, in naɗe ƙaramin tawul in sa tsakanin gwiwar hannu da haƙarƙari, sannan in buɗe hannun waje a hankali ba tare da tawul ɗin ya faɗi ba, sau 15, in huta, in maimaita har sau 3. Na biyu kuma in fuskanci tagar in ja igiyar zuwa ciki har allunan kafaɗa su kusa haɗuwa. Ranar farko na raina ruwan ɗorawar, na ga ai abin wasan yara ne. Kafin in kai na goma hannuna na rawa. A nan na yarda da maganar likita, akwai naman da kalangu bai taɓa tayarwa ba duk tsawon shekarun nan. Bayan sallar asuba nake yi, minti goma ya isa. Wajen mako na shida na sa babbar riga da kaina, kuma na kwana a kan ɓangaren hagu ba tare da na farka ba. Yanzu kore nake ja. Baƙar ban taɓa buƙatarta ba.

Ga mai yawon biki, babbar fa'idarta ita ce rashin nauyi. Aljihu ma ya ɗauke ta, kuma duk masaukin da aka ba mu ba a rasa taga ko ƙofa.

Amma tana da aibi, kuma ya kamata a faɗa. Roba ba ta shiri da zafin rana. Na taɓa manta jar a gaban mota kwana biyu, ta yi danƙo, ta fara tsagewa ta gefe ban lura ba. Ina cikin ja ta tsinke, ta zane ni a kunci, ƙiris ya rage ta sami ido. Tun daga ranar ba na fara motsi sai na miƙa ta a haske na duba, kuma a inuwa nake ajiye ta. In hannu ya yi gumi tana zamewa, sai an naɗe ta a tafin hannu. Takardar da ta zo da ita kuwa ƙananan zane ne da ba za su koya wa kowa komai ba. Da ban fara zuwa asibiti ba, da na yi ta jan ta ta gaba, in ƙara ɗaure ƙirjin da tun farko shi ne matsalar.

Ba ta kuma maganin gajiyar ƙafa da numfashi. Wannan sai tafiya, don haka ranar da babu kiɗa ina takawa da yamma daga Ƙofar Nassarawa zuwa Ƙofar Mata in dawo.

Ruwan ɗorawar na ba wa yarona, wanda ya fara riƙe kalangu shekara uku da suka wuce. Na sa shi ya jingina da bango kamar yadda aka yi mini, na ga tasa kafaɗar ma ta fara leƙowa gaba.