Yaya, ga labarin kwarashin da kika ce in duba miki a Jidda

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Hajiya? Mu nan lafiya ƙalau, sai zafin Jidda da gumin da ba ya bushewa a jikin mutum.

Na saurari saƙonki, inda kika ce gindin babban yatsanki da wuyan hannunki sun matsa miki tun da aikin kayan jarirai ya yi yawa, kuma kina so in sayo miki saitin kwarashi na Makka in ba masu dawowa daga Umara. Na zaga shaguna, na tattaɓa, na kuma yi saƙa da iri-iri, nawa da na matan da muke haɗuwa da su. Abin da zan fara gaya miki shi ne kada sunan Makka ya ɗauki hankalinki a wannan harkar. Duk kwalin da na juya bayansa, ko dai daga Sin kayan suka fito, ko Japan, ko Jamus, ko Indiya. Zaren ma akasarinsa na Turkiyya ne, su Alize da Nako da Himalaya. Saitin nan mai launi-launi da ke cikin 'yar jaka mai zif, wanda ake jibgewa a shagunan komai-riyal-biyar, irinsa ne kike gani a kasuwar Sabon Gari. A nan ma har an ɗora masa harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun watan Yulin 2020. In na aiko miki shi, na yi miki tsarabar abin da ke bayan gidanki ne, hannun kuma yana nan da ciwonsa.

Inda suka fi mu shi ne zaɓi. Kuma sai da na riƙe masu kyan a hannuna na gane abin da siririn kwarashin da Goggo ta koya mana da shi yake yi wa yatsu. Ƙarfe ne tsirara, kaurinsa bai wuce milimita uku ko huɗu ba, dole sai kin matse shi da ƙarfi tsakanin babban yatsa da manuni kafin ya zauna. In gumi ya zo ya fara santsi, ki ƙara matsewa ba tare da kin sani ba. Ki yi haka daga hantsi zuwa la'asar, kullum, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa ba hutawa, ai dole gindin yatsa ya yi magana. Mariƙi mai kauri da taushi yana buɗe hannun, sai ya zama ɗora yatsu kawai kike yi, ba damƙa ba.

Guda biyu ne suka fi shiga raina, kuma duk na Japan ne. Akwai Clover Amour, mariƙinsa roba ce mai laushi, kowace lamba da launinta, ko daga nesa kin san wanda za ki ɗauka. Gefen da babban yatsa yake zama a ɗan shafe yake, shi ya sa ba ya juyawa a hannu. Sai Tulip Etimo, na kamfanin da ke Hiroshima, garin da ya daɗe da yin suna wajen ƙera allura. Nasa mariƙin ya ɗan fi tauri, kansa kuwa sumul. Na Jamus ma na gani: Prym Ergonomics wanda gaba ɗayansa roba ce mai ƙarfi, ba nauyi, da Addi Swing mai lanƙwasasshen mariƙi. Wannan na ƙarshen ba na kowa ba ne. Wata 'yar Zariya da ke unguwarmu ba ta saƙa da komai sai shi, ni kuwa hannuna bai karɓe shi ba, domin riƙonmu ya bambanta.

Wannan batun riƙon shi ne abin da nake so ki lura da shi tun kafin a kashe ko riyal ɗaya. Wasu suna riƙe kwarashi yadda ake riƙe biro, gindinsa ya leƙo ta saman hannu. Wasu kuma riƙon wuƙa suke yi, tafin hannu ya rufe shi. Mai riƙon biro tana buƙatar mariƙi mara nauyi wanda bai cika kauri ba, in ba haka ba zai riƙa rinjayar yatsunta ta baya. Mai riƙon wuƙa kuwa kauri ne abokinta, kuma tsawon ya zama ya wuce tafin hannu. In ya gaza, gindinsa zai riƙa sukar tsakiyar tafin, ki rabu da ciwon yatsa ki koma ciwon tafi. A iya tunawata riƙon wuƙa kike yi, kuma hannunki ya fi nawa girma, shi ya sa ban yi gaggawar saye ba.

Amma Yaya, a ganina kan kwarashin ya fi mariƙin muhimmanci, kuma shi ne mutane ba sa dubawa. Ki ɗauki ɗaya daga cikin masu arhar nan ki ja farcenki a cikin ƙugiyar, a hankali. Sau da yawa za ki ji ɗan kaushi, wani siririn layi da ya rage daga wurin ƙira ba a goge shi ba. Wannan ɗan kaushin ne yake tsaga zare, ya kamo sili biyu ya bar ɗaya, ki tsaya ki warware, ki fizga, ki sake murɗa wuyan hannu. A hula ɗaya ta jariri sau nawa za ki yi wannan fizgar? Da mai kyan kuwa zaren zamewa yake yi shi kaɗai, ba ƙara, ba turjiya, har sai kin ji kafaɗarki ta sauka. Siffar kan ma iri biyu ce. Akwai wanda kansa daidai yake da jikinsa, ƙugiyarsa da zurfi, irin na Susan Bates na Amurka. Yana riƙe zare gam, idon saƙa ya fito daidai wa daida, ya dace da mai sakin hannu. Akwai kuma mai siririn wuya da zagayayyen kai, irin na Boye, wanda ya fi saurin shiga da fita. Ke da kike ɗaure saƙarki tamau, na biyun zai fi yi miki sauƙi.

Masu arha da aka yi wa rigar roba suna da tasu matsalar. Na ga wanda robarsa ta sule daga jikin ƙarfen ana tsakiyar aiki, na kuma ga wanda zafi ya sa ta yi danƙo tana manne wa yatsa, ƙura na bin ta. In Jidda ta yi masa haka, watan Afrilun Kano ba zai raga masa ba. Araha ba ta ado. Kuɗin Clover guda ɗaya zai iya saya miki saitin masu arha gaba ɗaya har da canji, amma ki tambayi kanki, cikin saitin nan lamba nawa kike taɓawa? Biyu ne ko uku. Sauran suna kwance a jaka.

Lambobin kuma a yi hattara da su. Milimita kawai za ki bi. Japanawa suna da nasu lissafin: 5/0 shi ne milimita 3, 7/0 milimita 4, 8/0 milimita 5. Amurkawa haruffa suke sa wa, H ɗinsu milimita 5 ne. Ƙananan na baƙin ƙarfe kuwa, waɗanda ake saƙa hula tashi-ka-fiye-naci da bakin mayafi da su, lissafinsu a juye yake, lamba na hawa kwarashin na ƙara sirancewa. Su ne ma suka fi cin yatsa, don haka in har yanzu kina karɓar aikin hulunan maza, nan ne mariƙi mai taushi zai fi yi miki rana.

Ta fuskar ciniki, wuri uku ne. A Balad, tsohon garin Jidda, akwai shagunan kayan ɗinki inda ake taya kaya kamar a gida, sai dai ba a cika samun na Japan ba, kuma kasuwar ba ta kankama sai bayan la'asar. A manyan kantuna farashi a manne yake, kaya a rufe cikin leda, ba mai bari ki buɗe ki gwada. Sai intanet, su Amazon da Noon, inda za ki biya da Mada, katin bankin ƙasar nan, mai kawo kaya ya kira ki ya ce ki turo masa inda kike, ya ajiye miki a ƙofa. Dokar cinikin intanet ta ƙasar ta ba mai saye kwana 7 ya mayar da abin da bai yi amfani da shi ba, Ma'aikatar Kasuwanci kuma tana da lambar kai ƙara, 1900. Wannan kam ina yi mana fatan irinsa. Duk da haka jabu yana yawo a ko'ina, in kika ga saitin mai suna a kuɗin da bai kai na guda biyu ba, ki bar shi. Ni abin da ya fi yi mini amfani shi ne aron hannu da hannu tsakaninmu. A da matanmu suna kusa da juna a unguwannin Karantina da Sabil, amma tun rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 kowa ya watse, yanzu sai a WhatsApp ake sa rana, kowace ta zo da nata a gwada.

Akwai abin da gida ya fi nan nesa ba kusa ba. A Kano mai shago zai zare miki guda ɗaya ki ja zare da shi a gabansa, in ya san ki har bashi zai ba ki. Kuma muna da masu aikin hannu. Nan in abu ya lalace sai kwandon shara, amma ke kina iya kai wa masassaƙi kwarashinki ya fafe miki ɗan itace daidai tafinki ya soka shi a ciki. Kafin nawa ya iso ma, ki naɗa ƙyalle mai laushi a mariƙin wanda kike aiki da shi har ya kai kaurin babban yatsanki, ki bi shi da filastar asibiti. Ki bar wajen yatsa biyu daga kan ba naɗi, domin a nan ne idon saƙa yake ɗaukar girmansa.

Sannan don Allah ki riƙa ajiye aikin kina miƙe yatsu, ko da duk rabin awa ne. In kuma kina farkawa cikin dare ki ji babban yatsa da manuni da na tsakiya sun mutu ko suna tsikari, wannan ya wuce maganar kwarashi. Alama ce ta jijiyar da ta ratsa wuyan hannu ta matsu, kuma an fi ganin haka ga masu juna biyu da masu ciwon suga. Ki je asibiti a duba, kada ki tsaya shafa man zafi.

Abin da na yanke shi ne in sayo miki guda uku: milimita 3 da milimita 4 don zaren jarirai, da ƙarami ɗaya na huluna. Ki sa yara su ɗauki hoton hannunki kina cikin saƙa, da hoton takardar da ke jikin zaren da kika fi amfani da shi, ki turo mini kafin Juma'a. Maƙwabciyarmu za ta taho ƙarshen wata, zan ce ta sa su a babbar jaka, kada a tsayar da ita a wurin bincike.

Ki gaishe mini da Hajiya da Yaya Babba da yaran duka.