Littafin soyayyar zamanin Basasar Kano da na gama karantawa

Jama'a wannan littafin dai ya ci kuɗinsa, duk da akwai wuraren da marubuciyar ta ban haushi, bari in faɗa muku tun yanzu. A waya na saye shi, aka turo min fidiyef, rubutun ya fito tas ba irin wanda sai ka ta zuƙo shafi ba.

Labarin yara biyu ne 'yan unguwa ɗaya a cikin birnin Kano, makarantar allo ɗaya, shi ke wanke mata allo ita kuma tana ɓoye masa ƙuli-ƙuli a bakin zani. Sai Sarki Bello ya rasu a 1893 aka naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu da shi ma ke neman sarautar, suka ce ba su yarda ba suka fice zuwa Takai, to baban yaron ya bi Yusufawa, baban yarinyar kuma mutumin Tukur ne. Shikenan fa aka raba su ko sallama babu. Da Alu, wanda ya gaji Yusufu a jagorancin Yusufawa, ya shigo Kano a 1894 yaron ya dawo da gudu ya tarar gidansu yarinyar wayam, sun gudu, sai tukunyar ruwa a fashe a tsakar gida. Wallahi wurin nan sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru.

Abun da ya fi burge ni shi ne ba ta yi mana ƙaryar nan ta wai yarinya ta zauna shekara goma tana jiran saurayi ba, a wancan zamanin wa zai bar ki? An aurar da ita, ta haihu, mijin ya rasu a yaƙi lokacin zuwan Turawa a 1903, shi kuma gogan ya bi fatake Gwanja fataucin goro. Haɗuwarsu a zauren yayanta, tana bayan ƙyaure tana gaishe shi "sannu da hanya Malam" kamar ba ta taɓa saninsa ba, shi kuma ya rasa bakin magana sai tambayar lafiyar yaro yake ta maimaitawa, kai wannan kunyar ta fi min duk wani kalaman soyayya daɗi.

Amma tsakiyar littafin jan labari ne kawai, tafiyar ayari babi kusan biyar jaki ya faɗi an ɗaga jaki, har na fara tsallake shafi. Sannan haba baiwar Allah, ya za a yi mutum ya biya sulalla a kasuwar Kurmi tun kafin Turawa su zo? Ai wuri ake kashewa lokacin. Akwai ma inda ta ce suna jin kukan jirgin ƙasa, alhali sai 1911 layin dogo ya iso Kano. Ƙananan abubuwa ne amma suna fitar da mutum daga labari.

Ƙarshen ma an yi gaggawa, rigimar dangi kan ɗan Yusufawa ya auri 'yar Tukurawa wadda ita nake ta jira, shafi uku kacal aka ba ta aka ɗaura aure. Duk da haka masu son tarihi ku nema, kuma babu batsa ko kaɗan, ƙanwata ma na tura mata kuɗi ta sayi nata.