Mitar DT830D da injin yankan ciyawan da ya ƙi tashi: abin da na gani

Duk mai kula da filin ƙwallo ko babban lambu ya san halin injin yankan ciyawa na hawa, wannan mai kujera da sitiyari. A nan Kaduna aikinsa na damina ne. Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba sai a tura shi sito, ya sha ƙurar hunturu da zafin bazara, ba mai waiwayarsa sai ciyawa ta fara kai ƙauri. Ni ke kula da filin wata makaranta, kuma injinmu irin wannan ne, ba sabo aka saye shi ba. A bana da na murɗa makulli, ƙas ɗaya na ji, daga nan shiru.

Mai rewayar da na kira bai ko durƙusa ba ya ce, "Yallaɓai, batir ne. Wata nawa yana ajiye? A sayo sabo kawai." Maganarsa tana kan hanya, don batirin da aka bari wata shida ba caji yakan mutu. Amma kuɗin makaranta amana ne, ba na son sayen abu a kan zato. Shi ya sa na sayi wannan 'yar mitar awon wuta, DT830D, irin mai ruwan ɗorawa da ake samu a kusan kowane shagon kayan lantarki. Kuɗinta bai kama ƙafar na batir ba.

Tana shiga aljihun riga, tana da jan tsinke da baƙi, da abin murɗawa a tsakiya, kuma ƙaramin batir mai bolt 9 (bolt ma'aunin ƙarfin wuta ne) ke tafiyar da ita. A duk zanen da ke fuskarta wuri biyu kawai na yi amfani da su: lamba 20 a ɓangaren wutar batir, da wurin da take yin ƙara idan waya ba ta yanke ba. Wannan ƙarar ce ta sa na zaɓi mai D a ƙarshe, don 'yar'uwarta DT830B yawanci ba ta da ita.

Batirin waɗannan injuna mai bolt 12 ne. Idan ya cika zai nuna 12.6, idan ya sauka 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 kuwa ya yi sanyi sosai. Namu bayan an yi masa caji ya nuna 12.5. To, a nan mutane da yawa ke tsayawa su ce batir lafiya lau, alhali wannan awon bai gama magana ba. Batirin da ya lalace a ciki yana iya nuna 12.5 yana zaune, da an ɗora masa nauyi ya faɗo 6 ko 7. Awon gaskiya shi ne ka dafa tsinkayen a kan dalmar batirin kanta, wani ya murɗa makulli, kana kallon lamba. Lafiyayyen batir yana juya injin ba tare da ya sauka ƙasa da 9.6 ba.

Na sa yaron da muke aiki tare ya hau, ya taka birki, ya murɗa. Ƙas ɗin ta sake fitowa, amma lambar ko gezau, daga 12.5 zuwa 12.3 kawai. Ma'ana ba abin da ke jan babbar wuta daga batirin. Wutar na nan, hanya ce ta toshe tsakaninsa da kik, wato na'urar da ke juya injin ya tashi.

Daga nan sai bin waya. Jar waya mai kauri tana fita daga batir ta shiga wani ɗan akwati da ake kira solinoyid, mai manyan noti biyu da ƙananan ƙafafu. Aikinsa shi ne idan makulli ya aiko da 'yar wuta ta ƙaramar ƙafa, sai maganaɗisun ciki ya ja wani faifan tagulla ya haɗe manyan notin biyu, babbar wuta ta wuce zuwa kik. Ƙas ɗin da ake ji, bugun wannan faifan ne. Na maƙala baƙin tsinke a baƙin kan batir, na riƙa yawo da ja. Notin da ke ɓangaren batir ya ba ni 12.3. Ƙaramar ƙafa ta kawo wuta cif da aka murɗa, wanda ya wanke makulli da fis da makunnan kariya (masu hana injin aiki idan akwai haɗari) gaba ɗaya daga zargi. Notin da ke ɓangaren kik kuwa sai lamba ta riƙa rawa tsakanin 2 da 4. Da na fasa tsohon solinoyid ɗin daga baya, faifan ya yi baƙi ƙirin, ya ciccinye, ga wani koren tsatsa a gefe. Na ɗaura sabo, murɗawa ɗaya injin ya kama. Yana aiki na sake auna batir na ga 13.9, alamar caji na shiga, tunda abin da ake nema tsakanin 13.5 ne da 14.5.

Akwai wata al'ada da nake roƙon mutane su bari: haɗa manyan notin nan biyu da sukundireba don injin ya tashi. Yana tashi kam, amma ka tsallake duk makunnan da aka sa don kare ka. Idan yana cikin giya zai zabura ya bi ta kanka, idan an bar wuƙaƙe a kunne za su juya kusa da ƙafarka, ga tartsatsi dab da tankin fetur. A filin da yara ke wasa ban yarda da wannan ba ko sau ɗaya.

A tsakiyar damina mitar ta sake yi mini rana. Wannan karon ko ƙas babu. Irin wannan shirun yakan nuna fis, ko makulli, ko ɗaya daga makunnan kariya: na ƙarƙashin kujera, na birki, da na sandar kunna wuƙaƙe. Fis ɗin lafiya yake. Na zare soket ɗin makunnin birki, na sa mita a wurin ƙara, na danna shi da yatsa, ba ta ce uffan ba. Laka da ɗanyar ciyawa ne suka cushe shi har ɗan maɓallin ba ya shiga ciki sosai. Wankewa kawai ya buƙata.

Sai dai mitar tana da nata rauni, kuma wanda zai saya ya kamata ya sani. Wayoyin tsinkayen sirara ne, na baƙin ya fara sakin jiki daga gindi tun damina ba ta ƙare ba, sai da na canza su. Ba ta kashe kanta, idan ka manta ta a kunne batirinta ya tafi. Abin da ya fi damuna shi ne idan wannan ƙaramin batirin ya yi rauni takan ƙara lamba, ta nuna maka wuta fiye da yadda take, don haka da alamar batir ta fito a fuskarta a canza shi kafin a yarda da abin da ta faɗa. A cikin ramukan da ake soka wayar tsinke kuma, wanda aka rubuta 10A ba shi da fis a ciki. Wanda ya bar jan tsinke a nan ya dafa kan batir, wayar za ta yi zafi ta narke a hannunsa. Ga kuma rashin fitila a fuskar, a cikin sito sai da tocila.

Akwai kuma ciwon da ba za ta gano maka ba. Idan injin ya fara juyawa ya cije a wuri guda, alhali batir da wayoyi sun ci awo, sau da yawa tazarar bawul ce ta buɗe, matsin iska ya fi ƙarfin kik. Wannan aikin makanike ne.

Ga mai injin guda ɗaya, a makaranta ko gona ko gida, ta isa har da saura. Mai rewayar da ke aiki da mita kullum gara ya ƙara kuɗi ya sayi mai ƙwari. Idan za ka saya, haɗa da maƙalai masu haƙora da ake sa wa a bakin tsinke, don mutum ɗaya ba zai riƙe tsinke biyu kuma ya murɗa makulli ba. Kafin ka fara awo, cire baƙar wayar batir tukuna, sannan ja, ka wanke farin garin da ke kan dalmar da ruwan kanwa, ka goge ta har ta yi ƙyalli, ka mayar da ja kafin baƙa.