Ƙunshin akanta na shekara: na kamfani ne kaɗai, ko har da harajin mai kamfani?

Ofisoshin akanta da dama a Kano, Kaduna da Abuja suna tallata wa ƙananan kamfanoni aiki iri ɗaya: ka biya kuɗi tsayayye, ko duk wata ko sau ɗaya a shekara, su kuma su ɗauke maka "duk harkar haraji". Wannan ƙunshin muka duba, irin wanda ake yi wa kamfanin da ke da lambar rajista ta RC daga hukumar rajistar kamfanoni, CAC, mai darakta ɗaya zuwa uku da 'yan ma'aikata kaɗan. Ta ɓangaren kamfani aikin yana da kyau, kuma ya cancanci kuɗinsa. Gibin yana wajen harajin shi kansa mai kamfanin, domin yawancin takardun yarjejeniya ba su ce yana ciki ba, ba su kuma ce ba ya ciki ba. Mai kamfani ya ɗauka an yi masa, akanta ya ɗauka ba a sa shi ba, sai ranar da aka nemi takardar shaidar biyan haraji ta darakta sannan magana ta tashi.

Abin da ƙunshin ke yi da kyau ba ya buƙatar dogon bayani. Ana rubuta shige da ficen kuɗi, a daidaita su da takardar banki, a shigar da bayanan VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka sayar da hidimomi, kafin 21 ga wata idan kamfanin yana cikin masu karɓarsa, a tura harajin albashi na PAYE kafin 10 ga wata, a haɗa lissafin ƙarshen shekara, a miƙa bayanan harajin kamfani cikin wata shida da rufe shekarar lissafi, a kuma cika rahoton shekara na CAC. Ko kamfanin da ƙanƙantarsa ta sa aka yafe masa harajin riba dole ya miƙa bayanansa, kuma ofisoshin da suka san aikinsu ba sa sakaci da wannan. Dokar kuɗi ta 2019 ce ta yafe wa kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 suka ɗaga iyakar. Wanda ya taɓa gwada bin waɗannan ranakun da kansa, ga kasuwa ga ma'aikata, ya san kuɗin da yake biya bai tafi a banza ba.

Tushen ruɗanin shi ne a idon doka kamfani mutum ne daban, mai shi ma mutum ne daban, kuma ba hukuma ɗaya suke biya ba. Harajin kamfani na tarayya ne, yana zuwa hukumar da aka sani da FIRS, wadda ta koma NRS daga Janairun 2026. Harajin mutum kuwa na jihar da yake zaune ne. Idan kamfanin yana Kano amma darakta da iyalinsa suna zaune a Kaduna, harajinsa na Kaduna ne. Idan a Abuja yake, na hukumar harajin babban birnin tarayya ne. Ke nan fayil biyu, ofis biyu, shafin intanet biyu, wa'adi biyu. Akanta bai yi ƙarya ba idan ya ce aiki ne na daban.

Akwai kuma takardu biyu da mutane ke ɗauka ɗaya ne. Ta farko kamfani ne ke miƙa ta kafin 31 ga Janairu, tana nuna albashin kowane ma'aikaci a shekarar da ta wuce da abin da aka cire masa. Sunan darakta yana ciki idan yana karɓar albashi, kuma wannan tana cikin ƙunshin ba tantama. Ta biyu mutum ne da kansa ke miƙa ta kafin 31 ga Maris, yana bayyana duk abin da ya shigo masa daga ko'ina: albashi, ribar hannun jari, kuɗin haya, wata sana'ar gefe. Wannan ta biyun ce ake faɗa a kanta. Sau da yawa idan mai kamfani ya tambaya "an yi nawa?" sai a nuna masa ta Janairu, sunansa na ciki, hankalinsa ya kwanta, alhali ta Maris ba wanda ya taɓa ta.

Hukuncinmu shi ne wanda ke riƙe da littafin kamfani shi ya kamata ya yi wannan ta Maris ɗin, kuma nau'inta mai sauƙi ya kamata ya kasance cikin kuɗin ƙunshin. Dalilin yana cikin takardar bankin kamfanin. Ɗauki ta wata guda ka bi ta layi-layi: naira 500,000 zuwa asusun darakta ranar 28, naira 350,000 zuwa wata makarantar kuɗi, naira 80,000 da aka cire a POS ranar Juma'a, naira miliyan 2 zuwa asusun darakta ba tare da wani bayani ba. Kowane layi sai akanta ya ba shi suna kafin ya rufe littafi. Albashi ne? To da PAYE a kansa. Ribar hannun jari ce? To sai kamfanin ya sami riba, an yanke shawarar rabawa a rubuce, an cire kashi 10 cikin 100 an tura wa jihar da daraktan yake zaune. Bashi ne daraktan ya ci daga kamfani? To sai ya zauna a littafi a matsayin bashi har ya biya. Duk sunan da akanta ya zaɓa, shi ne zai bayyana a takardar mutum ta Maris. Ma'ana ya riga ya yi kaso mafi tsoka na aikin tun yana haɗa lissafin kamfani. Abin da ya rage kwafe lambobi huɗu ko biyar ne zuwa fom da haɗa rasit. Ofishin da zai caji kuɗi mai nauyi a kan wannan, sau biyu yake karɓar ladan aiki ɗaya.

Idan kuma aka kai wa wani daban, ga abin da ke lalacewa. Littafin kamfani ya ce darakta ya karɓi albashin miliyan 6 da riba miliyan 2, shi kuma wanda ya cika fom ɗin jiha, da bai ga littafin ba, ya rubuta adadin da zai sa a ba da takardar shaida da arha. Ranar da jami'an jiha suka zo binciken PAYE suka ajiye takardun biyu gefe da gefe, bambancin zai koma haraji da tara da kuɗin jinkiri. Haka nan motar kamfani da darakta ke hawa don harkokinsa: doka tana ɗaukar kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayenta a matsayin ƙarin albashi duk shekara. Motar miliyan 20 ke nan ta ƙara miliyan 1 a abin da za a caje shi haraji a kai. Mai littafin kamfani ne kaɗai ya san da motar da farashinta.

Ga lissafi a kan sabon jadawalin da ya fara aiki 1 ga Janairun 2026, don a ga inda aiki mai sauƙi ya ƙare. A ce darakta yana karɓar naira 500,000 a wata, miliyan 6 a shekara, yana zaune a gidan haya na miliyan 1.2, kuma mu ajiye maganar fansho gefe. Sabuwar doka ta ba da rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin haya, iyakarsa naira 500,000, don haka za a cire 240,000, saura miliyan 5.76. Naira 800,000 na farko ba haraji. Miliyan 2.2 na gaba kashi 15, wato 330,000. Sauran miliyan 2.76 kashi 18, wato 496,800. Jimla 826,800, kuma idan PAYE ya tafi daidai duk wata, an riga an biya. Fom ɗin Maris tabbatarwa ne kawai. Amma rangwamen hayar nan ba ya zuwa da kansa, sai an bayyana shi da shaidar biya. Darajarsa a wannan misalin naira 43,200 ce, kuma ƙunshin da bai tambaye ka rasit ɗin haya ba ya bar ta a ƙasa.

Yanzu a ce wannan daraktan yana da shago da ya ba wani kamfani haya a miliyan 2. Kuɗin zai hau kan albashinsa a matakin kashi 18, harajinsa 360,000 idan ba a cire kuɗin gyara ba. Ɗan hayar ya cire kashi 10, wato 200,000, ya ce ya tura wa hukuma. Saura 160,000 ke nan, amma sai an sami shaidar cewa 200,000 ɗin ta shiga da sunan daraktan da lambar harajinsa. Bin ɗan haya don wannan shaidar, tattara rasit ɗin gyaran rufi da fenti, amsa wasiƙar jami'in da bai yarda da adadin ba, duk ba su da alaƙa da littafin kamfani. A nan muna bayan akanta. Gidajen haya, gona, hannun jari a wasu kamfanoni, sayar da fili, kuɗin da ke shigowa daga waje, shekarun baya da ba a miƙa komai ba, wannan aiki ne mai zaman kansa, a yi masa farashi daban, a faɗi farashin kafin a fara.

Sai tambayar da ƙunshin ya fi yin shiru a kanta: wa zai biya? Kuɗin da kamfani zai cire daga ribarsa kafin haraji sai ya zama an kashe shi ne kacokan don kasuwancin. Cika fom ɗin harajin mutum hidimarsa ce ta kansa. Idan kamfani ya biya, ko dai a ƙi amincewa da shi cikin kuɗaɗen da aka kashe, ko a lissafa shi cikin abin da darakta ya amfana da shi. A fom mai sauƙi adadin ƙarami ne, amma hanya mai tsabta ita ce a ware shi a layinsa a takardar neman biya, ko da an ce yana cikin ƙunshi, don a san inda za a rubuta shi. Abin ya fi muhimmanci idan kamfanin na 'yan'uwa ne ko abokai. Yaya yana da gidajen haya uku da gona, ƙane albashinsa kaɗai yake da shi. Idan kamfani ya biya wa kowa, ƙanen yana ɗaukar rabin nauyin da ba nasa ba. Ga kuma sirri: bayanan dukiyar darakta ɗaya bai kamata su shiga fayil ɗin da ɗayan zai iya buɗewa ba. Ofis nagari yana ba kowane darakta takardar yarjejeniyarsa daban, kuma kaɗan ne ke yin haka sai an nema.

Wanda rajistarsa ta sunan kasuwanci ce kawai, mai lambar BN ba RC ba, lamarinsa ya sha bamban. Shi da kasuwancinsa abu ɗaya ne wajen haraji, ribar shagon ita ce kuɗin shigarsa, kuma jiha yake biya. Fom ɗinsa na Maris shi ne ainihin aikin. Duk ofishin da ya karɓi kuɗin shekara daga irin wannan sannan ya nemi ƙari don "harajin mutum" bai yi adalci ba.

Abin da sakacin ƙin miƙa fom ɗin Maris ke jawowa ba ƙarami ba ne. Dokar gudanar da haraji ta 2025 ta sa tarar naira 100,000 a watan farko ga wanda bai miƙa bayanansa ba, da 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Jinkirin wata shida ya kama 350,000, ko da ba a binka ko kwabo na harajin kansa. Takardar shaidar biyan haraji kuma shekara uku na baya take nunawa, kuma ana neman ta wajen neman kwangilar gwamnati da harkar takardun fili, wani lokaci ta kamfani da ta daraktoci gaba ɗaya. Wanda ya tashi neman ta ana saura mako guda a rufe karɓar takardun kwangila, alhali shekara uku ba a miƙa masa komai ba, shi ne ake yanka wa haraji da ƙiyasi, kuma ba shi da lokacin jayayya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Takardar yarjejeniyar da aka saba bayarwa shafi ɗaya ce, kuma jimlar da ke jawo rigima takan ce ofishin zai kula da "harkokin harajin abokin hulɗa". Kafin ka sa hannu, ka sa a rubuta wane ne abokin hulɗar, kamfani ko kai ko ku biyun. A rubuta daraktoci nawa ne a ciki da jihar da kowannensu yake zaune, domin ofishin Kano da ba shi da kowa a Abuja zai iya ƙara kuɗin zirga-zirga. A rubuta waɗanne hanyoyin samun kuɗi ne farashin ya ɗauka, da kuɗin kowace ƙari. A bambance miƙa fom da karɓo takardar shaida, don na biyun yakan buƙaci bibiya. A kuma faɗi ranar da za ka kai takardunka, tsakiyar Fabrairu ya isa, da wanda zai ɗauki tara idan ka kai a kan lokaci amma ofis ya makara. Ka tambayi lambar zama mamba ta wanda zai sa hannu a ƙungiyar ƙwararrun akanta ko haraji, ICAN ko ANAN ko CITN, kuma ka tabbata lambar waya da imel da aka buɗe maka shafin jiha da su naka ne, ba na wani yaron ofis da zai iya barin aiki da su ba.

A ma'auninmu ƙunshin ya ci huɗu cikin biyar a aikin kamfani, biyu cikin biyar a bayyana iyakarsa. Ya dace da mai kamfanin da albashi da riba daga kamfani ɗaya ne duk abin da ke shigo masa, muddin an rubuta fom ɗin Maris a ciki da sunansa. Mai gidajen haya ko kamfani fiye da ɗaya ya karɓi ƙunshin don kamfanin, ya nemi farashi na biyu a rubuce daga wannan ofishin dai, ya biya shi daga asusunsa na kansa.